Abin da na tsinta a hirarmu kan fosfet da ciwon ƙoda

Jama'a ga taƙaitawa ga waɗanda ba su samu zama ba. Paratayirod wasu 'yan ƙananan ƙullutai ne guda 4 a wuya bayan tayirod (ƙullin da in ya kumbura ake samun maƙoƙo), aikinsu daidaita kalsiyam a jini. To idan ƙoda ta gaza fitar da fosfet, wani sinadari da muke samu daga abinci, sai ya taru a jini, kalsiyam ya sauka, su kuma ƙullutan nan su dinga sakin sinadarin PTH ba ƙaƙƙautawa suna zuƙo kalsiyam daga ƙashi, shi ya sa za ka ji mai wankin ƙoda na kukan ciwon ƙashi da ƙaiƙayi har cikin dare, wallahi abin tausayi, ga jijiyoyin jini na taurarewa a hankali.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce maganin riƙe fosfet (mai kama shi a hanji kada ya shiga jini) tare da abinci ake shansa, ba sai an gama an manta ba. A rage lemon kola da naman gwangwani. A riƙa gwajin fosfet, kalsiyam da PTH tare, ga babba fosfet daidai shi ne 2.5 zuwa 4.5 mg/dL a gwajin jini.

Wanda aka bari ya daɗe ba a shawo kan matsalar ba kuwa ƙullutan girma suke yi, wani sai tiyata.