Tsohuwar kwamfutar Kawu ta ƙi sabon mabuɗin Bature

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Masana kwamfuta, ku taimaka mani. Ni ka riƙe wa kawuna lissafi a wajen sana'arsa ta fatar jar akuya, kuma muna da mai saye guda a Italiya. Tun lokacin da 'yan damfara sunka taɓa sauya lambar asusu cikin takardar kuɗi, mutumen ya ce ba ya ƙara karɓar imel sai a kulle da PGP, wato tsarin kulle saƙo da mabuɗi yadda sai mai shi ka iya buɗewa. Wani yaro ya haɗa muna komai a 2015: Windows 7, manhajar imel ta Thunderbird da Enigmail mai haɗa ta da PGP, sai GnuPG 2.0, manhajar da ke kullewa da buɗewa. Kwamfutar na nan ƙarƙashin tebur, ƙurar hunturu ta mai da ita ja, fankarta na kuka kamar injin niƙa, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Makon jiya Baturen ya turo sabon mabuɗi. Saƙonsa yana buɗuwa, sai dai ba ta iya tantance sa hannunsa, in kuma na zo aika amsa sai ta ce babu mabuɗin da za ta kulle da shi. Kawu ya ce in daina taɓe-taɓe kar in lalata masa takardun shekara da shekaru. Mi ya kamata in yi?

Malamin Arkilla:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwamfutarka ba ta lalace ba, yare ne ba ta ji. Mabuɗinku na 2015 kusan tabbas RSA ne, tsohon salon mabuɗi, shi ya sa abin da Baturen ya kulle maku yake buɗuwa. Nasa sabon kuwa ina kyautata zaton Curve25519 ne, wani sabon salo, don shi GnuPG ke ƙirƙira da kansa tun daga sigarsa ta 2.3. Irin wannan mabuɗi sai a GnuPG 2.1 na 2014 aka fara gane shi, 2.0 bai san da zamansa ba. Ko dai ka roƙe shi ya yi wani na RSA saboda ku, ko ka sabunta naka. Ni na biyun nake ba ka shawara, don gobe wani mai sayen ma da irinsa zai zo, ba kowa za ka bi kana roƙo ba.

Hajiyar Gawon Nama:
Ɗana, tsaya tukuna. Wa ya ce maka Baturen ne ya turo mabuɗin? Ku da aka taɓa sauya wa lambar asusu, sabon mabuɗi ya faɗo ta imel kawai ka rungume shi? Kira shi a lambar da kuka saba, ba wadda ke cikin saƙon ba, ya karanto maka lambar shaidar mabuɗin, haruffa da lambobi 40, kana bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan kafin ka sabunta komai, fitar da mabuɗinku na sirri ka sa a filashi biyu, ɗaya a gida ɗaya a shago. Ni na yi wannan wautar a ofishinmu: mun canza kwamfuta, na yi sabon mabuɗi ina murna, tsohon ya tafi da faifan da aka goge. Wasiƙun shekara huɗu suna nan har yau, sai dai kallo. Thunderbird tun daga siga ta 78, a 2020, ya bar Enigmail, yana da nasa ma'ajiyar mabuɗai, sai ka shigar masa da tsohon da hannunka. A Windows 7 kuma Thunderbird 115 ne iyakarka. Ita kanta Windows 7 Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, kawunka ya daure ya sayi wata.

Malamin Arkilla:
Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara abu biyu. Bayan matsalar EFAIL ta 2018, wata kafa da aka gano ta leƙa saƙon imel da aka kulle, sababbin manhajoji sun tsananta, saƙon da aka kulle ba tare da hatimin da ke nuna ba a taɓa shi a hanya ba suna iya ƙin buɗe shi. Don haka kar ku sayar da tsohuwar, a cire mata intanet a ajiye ta don tsofaffin takardu. Na biyu, su kansu masu tsara PGP sun rabu: sabon kundin ƙa'idojinsa, RFC 9580, ya fito a 2024 da mabuɗi samfuri na 6, mutanen GnuPG kuma sun kama tasu hanyar, LibrePGP. Ka ce wa Baturen ku tsaya kan samfuri na 4, shi kowa ke karantawa.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri, Malam da Hajiya. Na kira shi bayan La'asar, munka bi lambar, sau biyu layi na yankewa, amma ta yi daidai. Na kwafe mabuɗin a filashi, na shigar da shi cikin sabon Thunderbird a laftof ɗin ƙanwata, amsa ta tafi kuma ya ce ta buɗu. Saura Kawu, ya ce sai an sayar da kayan da ke ƙasa za a yi zancen sabuwar kwamfuta.