Wace kalma za mu ba "spermicide" a takardar faɗakarwa?

Mai kemis, Agege: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar tazarar haihuwa da Hausa don matan Agege da Mile 12, an tsaya a kan "spermicide", wato ƙwaya, kumfa ko man da mace ke sawa a gaba kafin saduwa. An kawo "maganin kariya na mata". Me kuka gani?

Ungozoma, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Malam. A cire "kariya" ɗin nan don Allah. Mace na jin kariya za ta ɗauka har ciwon sanyi da tunjere ya tare mata, alhali aikinsa ɗaya ne, kashe ƙwayoyin maniyyi. Ko a nan ma ba shi da ƙarfi: cikin mata 100 da suka dogara da shi kaɗai, kusan 21 kan ɗauki ciki a shekara. Ƙwayar sai an tura ta can ciki an jira minti 10 zuwa 15 ta narke, ƙarfinta bai wuce awa 1 ba, kowace saduwa sai an sa sabuwa, kuma ba a wanke ciki sai bayan awa 6. Mata sun san "matsi", mu ɗora a kansa: matsin kashe maniyyi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Yaba: Hajiya ta yi gaskiya. Sinadarin da ke cikin yawancinsu nonoxynol-9 ne, dangin sabulu, yana fasa fatar ƙwayar maniyyi. A kwalbar gwaji yana kashe ƙwayar ciwon sanyi da kilamidiya (wata cutar saduwa), shi ya sa aka daɗe ana sa masa rai. A jikin mace abin ya sha bamban. Gwajin Kamaru da aka buga a 1998 bai nuna ya rage ciwon sanyi, kilamidiya ko HIV ba. Wanda aka buga a 2002, da aka yi a Benin, Kodebuwa, Afirka ta Kudu da Tailan, ya nuna masu amfani da shi sau da yawa a rana ɗaya sun fi kamuwa da HIV. Dalili kuwa, yadda yake fasa maniyyi haka yake saɓule fatar cikin farji, ya buɗe wa cuta ƙofa. A nan Legas da Fatakwal ma an gwada wani man daban don hana HIV, cellulose sulfate, aka dakatar a 2007.

Malamar Hausa, Obalende: Abin da nake tsoro da "matsi" shi ne ya tafi da hankali wajen kayan mata. "Makashin maniyyi" fa?

Ungozoma, Idi-Araba: Anti, makashin zai tsorata maigida, ya ce za a kashe masa haihuwa. "Matsi" kuma shi ke gaya wa mace ba sha ake yi ba.

Mai kemis, Agege: To, an ɗauki matsin kashe maniyyi. Saura wata kalma a takardar, "antiseptic", wato irin su Dettol. "Maganin kashe ƙwayoyin cuta" ba zai yi ba, da shi ake kiran allurar ciwon sanyi, da shi ake kiran na goge ƙasa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Yaba: A ce ruwan wanke rauni, sunan ya nuna inda yake tsayawa. Farji na da ƙwayoyinsa masu amfani da ke riƙe tsaminsa tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin pH. Tsarki da Dettol, lemun tsami ko kanwa bayan saduwa yana share su, sai ƙaiƙayi da ruwa mai ƙarni su biyo baya. Ƙwayar ciwon sanyi kuwa a bakin mahaifa da hanyar fitsari take kamawa, wanki bai fitar da ita.

Ungozoma, Idi-Araba: Malam, a sa layi ɗaya da manyan baƙaƙe ƙarƙashin kalmomin biyu: ba sa hana cutar saduwa, kwaroron roba ke rage ta. Wadda ta ga ruwa ko zafin fitsari ta je gwaji, a yi musu magani ita da mijinta lokaci guda.