Tambaya: inda ya dace a ajiye sifikun 5.1 a falo, da kaurin wayar da za a saya

Na_Falo:
Assalamu alaikum. Masana harkar sauti, don Allah ku taimaka da shawara. Falo ne mai faɗin mita 4, tsawo mita 5, ƙasa tayil, sama silin POP, talabijin na jikin bangon mita 4. Akwai amfilifaya Yamaha ta hannu da sifiku biyar, an rubuta om 6 (awon turjiyarsu ga wutar lantarki) a bayansu, sai wufa, wato sifikar bes, ɗaya mai filogin wuta nata. Kushin ɗin da ake kallo a kai manne yake da bangon baya. Matsalar ita ce ba a jin maganar 'yan fim sosai, bes kuma ya cika ɗakin da gunji. Mai shago ya ce sai an sayi waya mai tsada. Wane kauri ya isa, kuma ina ne wurin kowace sifika?

Kunnen_Sauti:
Wa alaikumus salam, Malam. Tukuna dai, kada ka sayi komai. Abin da ka bayyana ba ciwon waya ba ne, ciwon wurin ajiya ne, kuma tef ɗin awo ya fi yi maka magani.

Fara da kushin. Duk wanda kansa ke jingine da bango zai ji bes ya kumbura, domin a jikin bango sautin bes ke taruwa. Ɗaki mai tsawon mita 5 yana ƙara wa sautin da ke wajen 34 Hz (kaɗawa 34 a daƙiƙa) ƙarfi da kansa, faɗin mita 4 kuma wajen 43 Hz. Ja kushin gaba har kunnen mai zama ya yi kusan mita 1 daga bangon baya. In wuri ya yi ƙaranci, ko santimita 50 ma za ka ji bambanci. Amma kada ka kai shi tsakiyar ɗaki cif, can kuma bes ɗin ɓacewa yake yi.

Sifikun gaba biyu, dama da hagu: ƙa'idar Dolby ita ce kowace ta kasance tsakanin digiri 22 zuwa 30 daga layin da ya miƙe daga hancinka zuwa tsakiyar talabijin. A falonka, idan daga kunne zuwa fuskar sifikun ya kai mita 3.4, bar mita 2.8 tsakaninsu, wato mita 1.4 kowane gefe daga tsakiya. Zai rage maka kamar santimita 60 zuwa bangon gefe. Tuwita, ƙaramar sifikar nan ta sama, ta daidaita da kunnen wanda ke zaune, wajen mita 1 zuwa 1.1 daga ƙasa. Ka ɗan karkato su su kalli wurin zama. Duba bayansu: in akwai ramin iska, a ba su aƙalla santimita 30 daga bango, in ba haka ba gunjin nan ba zai tafi ba.

Ta tsakiya ita ce ke ɗauke da kusan duk maganar 'yan wasa, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Za ka ga an cusa ta can cikin kantar talabijin, ko an ajiye ta a ƙasa tana yi wa gwiwoyin mutane magana. Sa ta daidai ƙarƙashin talabijin, ka jawo ta har fuskarta ta zo bakin katakon, don kada sautin ya fara dukan saman katakon kafin ya iso kunne. In ta yi ƙasa da yawa, sa ɗan roba a ƙarƙashin gabanta ta ɗaga kai. Wannan kaɗai yakan gyara rabin matsalar rashin jin magana.

Biyun da ake ce wa na baya, a tsarin 5.1 ba a baya sosai suke zama ba. Wurinsu gefe ne, digiri 90 zuwa 110, wato daidai kafaɗa ko ɗan baya kaɗan, kuma santimita 30 zuwa 60 sama da kunne. Masu rataye su can ƙarƙashin silin suna asarar su ne kawai.

Wufa kuwa akwai dabara mai sauƙi. Ɗora ta a kan kushin, daidai inda kake zama, ka sa kiɗa mai bes da ke maimaita kansa, sannan ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bes ɗin ya fito sumul, kowane bugu daban, ba gunji, nan ne gidanta. Lungu yana ƙara mata ƙarfi, amma a ɗakin bulo da tayil yawanci ƙarfin ne ke ƙaruwa, ba kyan sautin ba.

Mai_Filaya:
Malam Kunnen_Sauti ya gama magana a kan ajiya. Ni bari in taɓa batun waya, tunda nan ne ake cin kuɗin mutane.

Aikin wayar sifika ɗaya ne: ta kai wuta ba tare da ta cinye ta a hanya ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar wayar kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. Naka om 6 ne, ke nan iyakarka om 0.3, kuma ana lissafa zuwa da dawowa. Jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 mm² yana ba da kusan om 0.023 a kowace mita idan aka haɗa silin biyu, ka ga zai kai ka mita 13. Mai 2.5 mm² yana ba da om 0.014, zai kai mita 21. In a jikin nadin ka ga AWG aka rubuta, lamba 16 ita ce 1.3 mm², lamba 14 kuma 2.1 mm², lamba 12 ta kai 3.3 mm². Ƙaramar lamba ce waya mai kauri, kada a ruɗe ka.

Ga awon falonka. Gaba biyu mita 3 kowace, ta tsakiya mita 2, duk 1.5 mm² ta wadatar. Na gefe kuwa, daga amfilifaya zuwa kwana mita 2, bin bango mita 4 da ɗoriya, hawa sama kusan mita 1.7, da rara ya zama mita 9. Gefen da ke da ƙofa ƙara masa mita 4 na zagaye ta. Nan ka sa 2.5 mm². In ba ka son raba kaya, sayi mita 35 na 2.5 mm² ka huta. Ba dole ba ne wayar dama da ta hagu su yi tsayi ɗaya, bambancin 'yan mitoci kunne ba ya kama shi.

Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne a tabbatar jan ƙarfen gaske ne. Kasuwa cike take da alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ana rubuta masa CCA, wani lokaci ma ba a rubutawa. Turjiyarsa ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau ɗaya da rabi, kuma yana karyewa a bakin sukuru. Tun a shago ka kankare sili ɗaya da reza: in ciki ya fito fari, alminiyam ne. Ko ka haska masa laita, nan take zai lanƙwashe ya yi laushi, jan ƙarfe kuwa zai yi ja ya tsaya. In maganaɗisu ya kama shi, ƙarfe ne, ajiye musu kayansu. Roba mai kauri da sheƙi ba hujja ba ce, silin ciki za ka duba.

Wajen haɗawa, fere santimita 1 kawai, ka murɗe silin sosai. Gashi ɗaya tak da ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya sa amfilifaya ta riƙa kashe kanta, in an yi rashin sa'a ta ƙone. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duk biyar ɗin. Idan aka juya ɗaya, bes zai rame, murya kuma ta rasa tsakiya, kamar daga bango take fitowa. In wayar ba ta da alama, taɓa bakinta da batir ɗan 1.5 na rimot na ɗan lokaci: in fatar babbar sifikar ta turo waje, silin da ke gefen + na batir shi ne ja.

In za a bi bango, sa tarankin ko fayif ɗin PVC mai milimita 25, ka bar igiya a ciki don jan wata waya nan gaba. Kada ka haɗa su fayif ɗaya da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna kawai, kada su jera.

Na_Falo:
Allah ya saka da alheri, Malamai. An ja kushin, an fito da ta tsakiya, kuma gaskiya magana ta fito. Saura biyu. Wace waya ce ta fi daga talabijin zuwa amfilifaya, ta haske ko HDMI? Sannan akwai wata ƙara "huuum" da wufa ke yi ko ba a kunna komai ba.

Injiniyan_Layi:
Ranka ya daɗe, in duka biyun suna da ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a kai, wato mai mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya, yi amfani da shi. Wayar haske tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1 lafiya lau, amma ba ta ɗaukar Dolby TrueHD. Wannan sai eARC, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017. In amfilifayar tsohuwa ce ba ta da ko ARC, to ta hasken ta isa, sai ka shiga saitin talabijin ka mayar da fitar sauti daga PCM zuwa Auto ko Bitstream, in ba haka ba sifiku biyu kawai za a turo maka. Tazarar mita 2 ba ta buƙatar HDMI mai tsada. Mai shaidar Premium High Speed ta isa 4K, wahala sai an wuce mita 5 zuwa sama.

Ƙarar da kake ji ta wutar gida ce, 50 Hz. Gano tushenta a jere. Zare wayar RCA, wadda ke kawo sauti daga amfilifaya, daga bayan wufa: in ƙarar ta ci gaba, laifin na wufar ne ko na wutar da ke shigarta. Inbata da ba ta fitar da wuta mai santsi da wasu ƙananan janareto suna jawo haka. In ta yi shiru, mayar da wayar, ka cire wayar dish daga dikoda. Sau da yawa a nan ɓarawon yake, domin at (wayar da ke sauke wuta ƙasa) ɗin dish da na gida sun bambanta, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta bawon wayoyin. Maganinsa a jona talabijin, dikoda, amfilifaya da wufa a soket ɗaya, in bai daina ba a sa ɗan abin raba at a kan wayar dish. Don Allah kada a karya ƙafar at ta filogi don a kashe ƙara, ita ce ke tsakanin mutum da shokin.

Tunda ta hannu ce, karanta bayanta da kyau. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka 120V take ci, tamu kuwa 230V. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya haura abin da aka rubuta a jikin amfilifayar, da rara mai kyau. A bar mata santimita 10 zuwa 15 a sama ta sha iska, lokacin hunturu kuma a riƙa hure ƙurar da ke toshe ramukan.

Kunnen_Sauti:
Ƙari kan na Injiniya, tunda ka matsar da kaya dole a sake saiti. Yamaha na da YPAO, tsarin da ke saita sifiku da kansa: in makirfon ɗinta ya zo tare, ɗora shi daidai tsayin kunne, kashe fanka da AC, ka bar ta ta auna. Bayan ta gama kada ka yarda da ita ido rufe. Takan sa sifikun gaba a Large. Mayar da duka biyar zuwa Small, mararrabar bes, wato inda sifiku ke miƙa wa wufa sauti, a 80 Hz, don wufa ta ɗauke nauyin da ya fi cin wuta. In sifikun 'yan ƙanana ne kamar gwangwanin madara, kai ta 100 ko 120. Maɓallin mararraba na bayan wufa kuma murɗa shi har lamba mafi girma, kada a tace sautin sau biyu.

In babu makirfon, auna nisan kowace sifika da tef ka shigar da hannu. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa, kuskuren mita 1 ke nan jinkirin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa, kuma ya isa ya ja sauti gefe guda. Sannan kunna sautin gwaji, ka daidaita kowace ta ba da 75 dB a wurin zama. Manhajar awon ƙara ta waya za ta yi, tunda daidaito tsakaninsu ake nema. In har yanzu magana na nutsewa cikin kiɗa, ƙara wa ta tsakiya 2 dB.

Sai tayil ɗin nan. Tsaya tsakiyar falo ka tafa sau ɗaya, za ka ji wata 'yar ƙara na bin tafin kamar an kaɗa faranti. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin kushin da talabijin, labulen taga ya zama mai nauyi da ninki. Don bangon gefe, zauna a wurinka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango. Inda ka hango sifika a cikin madubin, nan sautin ke fara dukawa ya dawo maka, nan za a rataya darduma ko a sa kantar littattafai.