Awon taurin ƙarfe da Brinell: me ya sa lambar ke canzawa?

Maƙerin Panteka:
Assalamu alaikum. Muna haɗa shaf na injin niƙa a Tsohuwar Panteka, mai aikin ya ce sai taurin ƙarfen ya haura 220 a ma'aunin Brinell. An gwada sanda ɗaya sau biyu, aka samu 229 da 207. Ta yaya ake fitar da lambar, kuma wanne zan kama?

Injiniya Kakuri:
Wa alaikumus salam, Malam. Ana danna ƙwallon milimita 10 a jikin ƙarfen da nauyin kilo 3,000 na daƙiƙa 10 zuwa 15, sai a auna faɗin gurbin da ya bari. Lissafin shi ne HB = 2F ÷ [πD(D − √(D² − d²))]. HB lambar taurin, F nauyi, D faɗin ƙwallo, d faɗin gurbi.

Idan d ya zama 4.0, za a samu 229. Idan 4.2 ne, 207. Ka ga ke nan milimita 0.2 kacal ta raba sakamakonka, don haka wurin karatun gurbin na fi zargi. A auna shi sau biyu, a tsaye da a kwance, da madubin ƙara girma mai ma'auni, a ɗauki matsakaici. Rula ba ta wannan aiki.

Malamin Tudun Wada:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma a duba shirin ƙarfen tukuna. Sanda zagayayya ce, in ba a gurje wuri ya baje ba gurbin kan fito kamar ƙwai. A cire tsatsa da ɓawon wuta, domin fatar ƙarfen da ya sha wuta takan rasa kabon, ta fi cikin laushi. Gurzar ma a hankali, zafinta na sauya taurin wurin. Tsakiyar gurbi ta nisanci baki da ninki biyu da rabi na faɗinsa, tsakanin gurbi biyu kuma ninki uku.

Maƙerin Panteka:
Na gode. To in mun ƙona shi mun tsoma a mai fa?

Injiniya Kakuri:
In ya yi tauri sosai ka koma Rockwell C, wani ma'aunin tauri na daban. Tsinin lu'ulu'u (daimon) ake dannawa, ana fara ɗora kilo 10 sannan a cike zuwa 150, injin ya karanta zurfin da kansa. Brinell ba ya wuce 650 ko da ƙwallon tungisten kabaid mai tsananin tauri ne. Wannan sandar kuwa a gyara fuskarta a sake gwadawa wuri uku kafin ka yanka ta.