Me za mu kira mai tsayawa tsakanin kurma da mai ji?

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalma ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya. An yi mana taron bita na kwana uku, mu masu aikin da Bature ke kira "sign language interpreter". Sai aka ce tunda ni Bakanuwa ce, in rubuta sunan aikin da Hausa a ƙyallen da za a rataya a bakin zauren taron. Na riƙe alƙalami na rasa abin rubutawa, alhali tun ban kai shekara goma ba nake wannan aiki.

2/ Mahaifiyata kurma ce. Ni da Yayata da hannu muka fara magana kafin baki. A unguwa ba a ba aikin da muke yi mata suna ba, sai dai a ce "kira 'yar tata ta faɗa mata."

3/ Abin da aka fara kawowa a zauren shi ne "mai fassara wa kurame." Shi muke ji a rediyo, kuma ba laifi ba ne a kunne. Amma ku saurare shi da kyau: ya nuna magana daga wuri guda take fitowa, mai ji ya faɗa, a kai wa kurma. Ina amsar kurman? Rabin aikina mayar da maganar kurma nake yi ga likita, ga alƙali, ga mai shago. Likitan da bai iya hannu ba, shi ma ni yake jira.

4/ "Mai magana da bebaye" kuwa tun kafin in buɗe baki kuramen da ke zaune suka ƙi shi. Kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe wanda ba ya furuci, ba abu ɗaya ba ne. Inna tana da murya, tana dariya, idan ta kira ni daga tsakar gida har zaure ana ji. Kuma duk mun san yadda ake jifan mutum da wannan kalma a kasuwa.

5/ Wani malaminmu da ya yi karatun Larabci ya kawo "harshen ishara." Na ce, Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da kyau, sai dai ishara a Hausa ta fi karkata ga nuni a kaikaice, irin wanda mai hankali ke ganewa. Abin da Inna take yi ba kaikaice ba ne. Da shi take faɗa, take ba da labari, take cinikin goro. Inkiya da alama su ma haka, sun yi wa harshe guda ƙanƙanta.

6/ Sunan harshen ashe ba sai mun ƙirƙira ba. Maganar hannu. Haka ake cewa a Kano tun da daɗewa. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta yi bincike a cikin kuramen Kano, ta fitar da littafi a 2000, kuma da wannan suna ta kira shi. Sunan ya ambaci abin da ake yi da gaɓar da ake yi da ita, bai ambaci abin da wani ya rasa ba.

7/ Saura mai aikin. Ni "tafinta" na zaɓa. Kalmar daga Turanci ta shigo tun zamanin Razdan da Di'o, ta zauna ta zama tamu, har ta yi jam'i: tafintoci. Bahaushe ya san fassara ana iya yin ta a zaune da takarda da ƙamus. Tafinta kuwa a tsaye yake tsakanin mutum biyu, nan take, ya kai ya kawo, kamar yadda ake yi a kotu har gobe. Don haka: tafintan maganar hannu. Mace, tafintar maganar hannu.

8/ Da na aika wa Yaya, ga amsarta: "Ke ƙanwata, hannu kaɗai? Kin manta girar Inna?" Gaskiyarta. A wannan harshe fuska nahawu ce. Ɗaga gira na iya mayar da zance tambaya, girgiza kai ya kore shi, kumbura kumatu ya ƙara wa abu girma. Wanda ya yi hannu fuskarsa a sake, kamar mai karatu ne ba hawa ba sauka. Na ce mata, Yaya, ai Hausa ma "harshe" muke ce mata, ba mu ambaci leɓe da maƙogwaro ba. Ta ce ta yarda, amma in rubuta maganar girar don masu koyo. Ga shi na rubuta.

9/ Wata matsalar ta fi wannan nauyi. Maganar hannu a Arewa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gida da kasuwa, wadda Inna ta tashi da ita. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta Amurka. Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, shi ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, ya zo da ta ƙasarsu. Ita ta bazu a makarantu, ita kuma ake gani a gefen allon talabijin. Ɗan da ya yi makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano yakan iya biyun. Inna takan zuba wa mai hannun talabijin ido, kaɗan take tsinta. Shawarata a bar "maganar hannu" ya zama sunan gaba ɗaya, idan ana son bambantawa a ce "ta Hausa" ko "ta makaranta." Mai neman tafinta ya riƙa tambaya wacce.

10/ Akwai wanda ya ce me ya sa ba za a ce "mai taimaka wa kurame" a huta ba. A nan zan daɗe kaɗan.

Ina 'yar shekara tara na raka Inna asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, maganin kuma ba a dainawa. Ban san hawan jini ba, ban san yadda ake nuna shi ba, ga tsoro a fuskarta. Sai na nuna mata gajiya ce, ta sha magani za ta warke. Ta sha na wata guda, ta ji sauƙi, ta ajiye. Bayan shekaru ta faɗi a madafa. Allah ya tashe ta, amma ƙafar hagu har yau tana ja. Taimako na yi niyya. Babu wanda ya tsaya ya ga cewa yarinya aka ɗora wa wannan kaya.

A bitar nan abin da aka yi ta nanata mana ke nan: kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka sassauta don tausayi. Idan ba ka gane ba ka tsayar da mai magana ya maimaita. Idan kurma ya ce "ni," kai ma "ni" za ka ce, ba "wai ya ce" ba. Abin da ka gani a ɗakin likita amana ce. A dogon taro mutum biyu ke karɓa-karɓa, kusan duk minti 20 zuwa 30, domin idan ƙwaƙwalwa ta gaji magana zubewa take ba ka sani ba. Mai taimako ba a tuhumarsa. Tafinta ana iya tambayarsa ina ya koya, wa ya tantance shi.

11/ Duniya ta ga illar rashin wannan tambaya a Disamba 2013, a taron jimamin Mandela a Johannesburg, inda wani ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe, har da Obama, yana kaɗa hannu ba ma'ana. Kuramen Afirka ta Kudu ne suka tona shi. Mu nan Najeriya dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman an sa mata hannu tun Janairu 2019. Wanda zai je asibiti ko kotu ya nemi haƙƙinsa yana buƙatar sunan abin da zai nema, da harshen da ma'aikacin bakin ƙofa yake ji.

12/ A ƙyallen na rubuta: Taron Bita na Tafintocin Maganar Hannu. Kuramen da ke wurin suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗawa, wanda shi ne tafinsu.

13/ Saura kalma ɗaya da ta gagare ni. Turawa suna da taƙaitaccen suna, Koda, ga irinmu masu ji da kurame suka haifa. "'Ya'yan kurame" na iya nufin yaran su ma kurame ne. Yaya ta ce "goyon hannu," ni kuma ina ganin za a ɗauka jariri ake nufi. 'Yan'uwa na Damagaram, Maraɗi, Sakkwato da Zangon Kumasi, idan akwai yadda ake kiranmu a wajenku, ku taimaka ku ajiye mini a ƙasa. Jumma'a zan je gida in nuna wa Inna, ta zaɓa.