Tambaya kan lambobin da ke tsakanin firam biyu

Salam alaikum malamai, lissafi ne ya cije mini. Ina duba lambobin da ke tsakanin firam biyu masu bin juna, ina fitar da firam mafi ƙanƙanta da ke raba kowacce. Firam ita ce lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta.

Tsakanin 113 da 127 akwai lambobi 13. Masu rabuwa da 2 ba su da wuya. Sauran kuwa: 115 da 125 na 5 ne, 117 da 123 na 3, 119 ta 7, 121 ta 11.

Kwamfuta ta nuna mini cewa 2, 3, 5, 7 da 11 ba za su iya rufe lambobi 14 a jere ba (wato kowacce ta rabu da aƙalla ɗaya daga cikinsu), amma hujja nake so, ba gwajin lambobi 2310 (wato 2×3×5×7×11) ba. A cikin 14, bakwai ba sa rabuwa da 2. Iyakar abin da 3 za ta ɗauka uku ne, 5 biyu, 7 da 11 ɗaya-ɗaya. Jimla bakwai cif, ƙidayar ba ta hana komai ba ke nan. Me ya rage in duba? Kuma idan aka ƙara firam 13 a kan 2, 3, 5, 7 da 11, hanyar za ta yi aiki?