An ce babban joji ya karɓe fayil ɗin shari'ar maigidana, ina muka dosa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana don Allah. Maigidana ake tuhuma da cin amana a wata kotun majistare, kan kuɗin masara buhu 40 da suka haɗa jari da wani abokinsa. Kwana 11 ya yi a gidan yari kafin mu samu beli, yayana ne ya tsaya masa da takardun gidansa. Shaidu biyu na masu ƙara sun riga sun yi bayani, lauyanmu ma ya yi musu tambayoyi har na biyun ya rikice. Ranar Litinin muka je, muka zauna a benci tun ƙarfe tara har azahar ba a kira mu ba. Da na leƙa wurin magatakarda sai ya buɗe littafi ya nuna mini da biro, ya ce an aiko daga ofishin babban joji an karɓi fayil, wai abokin nasa ne ya rubuta koke cewa alƙali na goyon bayanmu. Lauyanmu ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Shin babban joji na da ikon yin haka? Belin ya rushe ke nan? Wani a harabar kotun ya ce in kawo dubu 30 ya bi mana fayil ɗin.

Maman Yara: Ke dai kada ki ba kowa ko sisi. Masu shawagi a bakin kotu da jaka a hammata, abincinsu ke nan.

Barista: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki faɗi jiha ba, kuma da bambanci. In Abuja ce ko kotun tarayya, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ce ke aiki, wadda muke kira ACJA. Jihohi kowacce da tata, Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019. Zan yi magana kan ta tarayya, lauyanku ya duba ta jiharku.

Ikon yana nan. Sashe na 98 ya ba babban joji damar ɗauke shari'a daga wata kotu ya kai wata, in ya ga hakan ne zai tabbatar da adalci ko zaman lafiya. Amma sashen ya ɗaure masa hannu: ba a amfani da wannan iko da zarar masu gabatar da ƙara sun kira shaidu. Ku kuwa har biyu sun yi bayani. Sannan in koke ne ya jawo maganar, sai ya sa lauyoyi masu mutunci, waɗanda ba su wuce uku ba, su bincika cikin mako guda da karɓar koken, su kawo rahoto cikin mako biyu. To kiran fayil daban, mayar da shari'a wata kotu daban. Dole a ga fayil kafin a san koken na da tushe ko hayaniya ce.

Mai tambaya: Na gode Barista. To in an mayar ɗin fa?

Barista: Sai a faro daga farko. A sake karanta masa tuhuma, shaidun nan su dawo, domin sabon alƙali bai ga fuskarsu ba lokacin da suke magana. Ina zargin abin da abokin ke nema ke nan, tunda shaidarsa ta yi ruwa. Karɓar fayil ba ta soke beli. In an je sabuwar kotu, lauya ya roƙi a bar shi kan sharuɗɗan da yake kai, yayanki kuma ya je da ƙafarsa ranar.

Baba Tsohon Rajistara: 'Yata, na yi shekaru ina ɗaukar irin fayilolin nan. Abin da ke kashe mutane shi ne zama a gida ana jiran kira. Lauyanku ya rubuta wa babban magatakardan babbar kotu, ya sa lambar shari'a, ya faɗi ranakun da shaidun suka yi bayani, ya nemi kwafin koken domin ku ba da amsa. A buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ki adana shi inda kike ajiye gwal ɗinki. Kuma duk ranar da aka sa, maigidan ya bayyana ko da fayil ko babu. Rashin zuwa ne ke jawo sammacin kamu.

Ɗan Kasuwa: Ai gara ma ku roƙi babban jojin ya kashe maganar gaba ɗaya, a huta.

Barista: A'a Alhaji, wannan ba hurumin kiran fayil ba ne. Mai ikon janye tuhuma shi ne antoni janar, sashe na 174 na kundin tsarin mulki a tarayya, na 211 a jiha. Hajiya, in lauyan bai dawo ba zuwa ƙarshen mako, ki je ofishin Legal Aid Council na jiharku, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta.

Mai tambaya: Yanzu ya kira, Laraba zai dawo. Na tura masa maganar Baba, ya ce in nemo rasit ɗin beli da kwanan watan zaman da aka yi. Mai dubu 30 kuma ya kira ni sau huɗu, ban ɗauka ba.